Tsoffin Jaridu da Neman Tarihin Gidajen Masu Bi na Farko a Arewa

Akwai aikin da ba a koyar da shi a ajin tauhidi, amma da wuya fasto ya yi shekara guda a ikilisiya bai gamu da shi ba. Dattijo ya rasu, iyali sun taru, aka ce fasto da magatakarda su rubuta tarihin marigayi da za a karanta ranar jana'iza. Sai a shiga kame-kame. Ɗa ya ce an haifi Baba a 1930, ƙanen marigayi ya ce ai ya girmi haka, jika kuma ta kawo katin shaida mai ɗauke da 1 ga Janairu, ranar da akan ba duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba. A ƙarshe a zaɓi shekarar da ta fi daɗin ji a buga a takardar tsarin sujada. Bayan shekara goma wani ɗalibinmu ya zo rubuta kundin kammala karatu, ya ɗauki wannan takarda ya mai da ita hujja. Haka ƙiyasin dare ɗaya yake zama tarihi.

Abin ya fi nauyi yanzu da yawancin ikilisiyoyinmu suka kai shekara 100 ko suka wuce. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham na SIM sun sauka Legas a 1893, Karl Kumm da abokansa na SUM suka kafa zango a Wase a 1904, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923. Waɗanda suka ga wannan da idonsu sun tafi, 'ya'yansu ma saura kaɗan. Littattafan rajistar baftisma da na aure waɗanda ya kamata su tsaya a madadinsu, gara ta ci wasu, ruwa ya lalata wasu, wasu kuma sun ƙone tare da majami'u a rikicin 1987, da na Jos daga 2001, da ɓarnar da aka yi wa ikilisiyoyin Arewa maso Gabas, inda hedkwatar EYN da ke Kwarhi ita kanta ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a 2014. Rajista kwafi ɗaya ce, in ta tafi ta tafi. Jarida kuwa ana buga ta ɗaruruwa ko dubbai, ta bazu har ƙetare. Wannan shi ne dalilin da ya sa muke mai da hankalin ma'aikatan ikilisiya gare ta.

Wani zai tuna mana da gargaɗin Bulus ga Timoti da Titus a kan lissafin asali (1 Timoti 1:4, Titus 3:9). Gargaɗin gaskiya ne, za mu kuma dawo kansa. Amma Littafi Mai Tsarki ɗin nan da ya yi gargaɗin cike yake da sunayen kakanni. A Ezra 2:61-63 wasu zuriyar firistoci da suka komo daga bauta sun nemi sunansu a rubuce ba su samu ba, aka dakatar da su daga aikin firist. Ɗaya daga cikin gidajen nan, kakansu ya auri 'yar Barzillai mutumin Gileyad, aka riƙa kiransa da sunan surukansa. A riƙe wannan, gama canjin suna shi ne babban tuntuɓen mai bincike har yau. A Esta sura 6 kuma, littafin tarihin fada ne, wanda aka rubuta domin amfanin sarkin Farisa, ya adana alherin Mordekai har ranar da barci ya ƙaurace wa sarki. Wanda ya rubuta bai yi domin Yahudawa ba, amma Bayahude ya amfana. Yawancin jaridun da za mu ambata haka suke. Ba domin mu aka rubuta su ba.

Jaridun gwamnati da na lardi

Jaridar farko a ƙasar nan aikin mishan ce: Iwe Irohin, wadda Henry Townsend na CMS ya fara bugawa a Abeokuta a 1859. Arewa ta daɗe ba ta da tata. A 1932 gwamnati ta fito da Jaridar Nijeriya Ta Arewa, amma wadda ta shiga hannun jama'a sosai ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Zariya a watan Janairu 1939, Rupert East yana kula da ofishin, Abubakar Imam yana edita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a 1948 ya fara buga Nigerian Citizen da Turanci, wadda New Nigerian ta gaje ta a Kaduna a farkon 1966. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga ƙananan jaridu na larduna domin 'yan yaƙi da jahilci, irin su Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zazzau, Zumunta a Bauchi da Gamzaki a Filato. Daga 1972 Jos ta sami Nigeria Standard, inda gidajen masu bi da yawa suka saba sa sanarwar rasuwa da ta tunawa da marigayi.

Waɗannan shekaru ba don haddace su muka jera ba. Suna gaya mana inda bai kamata mu ɓata lokaci ba. A 1938 SUM ta naɗa fastocinta uku na farko a Filato, wato Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot. Wanda ya je yana jujjuya Gaskiya Ta Fi Kwabo don ya ga labarin wannan naɗi zai dawo hannu rabbana, domin jaridar ba ta zo duniya ba tukuna. Kuma ko bayan ta zo, hankalinta yana kan sarakuna da En'e da makarantu da kasuwar gyaɗa da auduga da labarin yaƙi. Kada mu sa ran ganin labarin baftismar kakanmu a ciki. Kakanmu zai bayyana ne a wata riga dabam: malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, malamin asibiti, akawu, soja da ya dawo daga Bama a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ko wanda ya aiko wa edita wasiƙa ya sa sunansa da na garinsu a ƙasa. Shafin wasiƙun nan ya cancanci a zauna a kansa. A nan ne talaka mai ilmin boko yake magana da bakinsa, kuma 'ya'yan makarantun mishan suna cikin waɗanda suka fara iya rubutun boko da Hausa.

A haɗa da gazet ɗin gwamnati. Babu daɗin karatu, amma tana ɗauke da sunayen ma'aikatan da aka ɗauka ko aka ƙara wa girma, da majami'un da aka ba izinin ɗaura auren doka. In ana gardamar shekarar da wata majami'a ta tsaya da ƙafafunta, irin wannan sanarwa ta fi zancen baki ƙarfi.

Mujallun mishan

Ga wanda kakanninsa suka ba da gaskiya kafin 1940, nan ne taskar take. SUM tana da The Lightbearer, SIM tana da Sudan Witness, 'yan CBM suna aika rahotanni ga Gospel Messenger ta ikilisiyarsu a Amurka, CMS kuma tana da mujallunta da wasiƙun shekara-shekara na ma'aikatanta. Daga baya aka sami African Challenge da SIM ta fara a 1951, da Today's Challenge ta ECWA. Da Hausa kuwa akwai Labarin Ekklisiya, wadda ta yi yawo a tashoshin SIM har da na Nijar, wajen Maraɗi da Tsibiri. Mu a ganinmu ita ce ta fi kusa da zuciyar mai neman tarihin gida, domin masu bi 'yan ƙasa ne masu karanta ta, labarinsu ne kuma a ciki. Duk wanda ya san wani dattijo mai tarin tsoffin kwafinta a ƙasan akwati, ya je yau, kada ya bari sai an raba kayan gado.

Sai dai a san da wa mujallun Turanci suke magana. An rubuta su ne domin masu ba da baiko da masu addu'a a Ingila da Amurka da Kanada. Saboda haka Baturen mishan ne a tsakiyar labari. Mutumin da ya ɗauki kaya, ya yi tafinta, ya zauna a ƙauye shekara bakwai yana koyar da karatu bayan Bature ya koma tasha, sau da yawa sai a ce da shi "yaronmu" ko "wani mai bishara ɗan ƙasa", ba suna. In an ambaci sunan ma, ɗaya ne tak, a rubuce yadda kunnen baƙo ya ji shi. A inda tuba take da haɗari kuwa, akan ɓoye suna da gangan don kare mai shi. Duhun da suke zana ƙasar da shi ma a karanta shi da lura: mai neman taimako yakan ƙara gishiri. Ba muna zargin bayin Allah da suka bar ƙasarsu, da yawansu suka bar ƙasusuwansu a tamu ba. Muna cewa ne shaida tana da inda ta tsaya ta kalli abu.

Haka kuma kwanan watan da ke kan mujalla ba shi ne na abin da ya faru ba. Wasiƙa takan bar Langtang ko Kagoro a ƙafa, ta hau jirgin ƙasa, ta hau jirgin ruwa, ta jira edita. Baftismar da aka ba da labarinta a fitowar Maris tana iya zama ta Kirsimetin bara.

Yadda ake shiga aikin

Ba a fara wannan bincike a ɗakin ajiyar takardu. Ana fara shi a kan tabarmar tsohuwa. Tsofaffinmu ba su lissafin shekara da lamba, amma suna ɗaure ta a jikin wani abu da ya faru: shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, 1911 ke nan, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, annobar mura ta 1918, lokacin ɗiban gwamna, da aka tilasta wa mutane aikin kuza a Filato a tsakiyar yaƙin Hitila, husufin rana na watan Mayu 1947, zuwan Sarauniya a 1956. In tsohuwa ta ce tana goyon ɗanta na biyu rana ta yi husufi, mun sami turke. Daga nan za mu iya ƙiyasta shekarar aurenta, mu san fitowar shekaru biyu ko uku da za mu nema. Wanda ya shiga ɗakin ajiya ba turke, zai yi mako guda yana shaƙar ƙura ya fito da tari kawai, gama yawancin jaridun nan ba su da jerin sunaye da za a duba, sai an bi su shafi-shafi.

Wuraren zuwa sanannu ne: Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, tsohon gidan Sardauna wanda ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, da laburaren TCNN a Bukuru, da ma'ajiyar hedkwatocin ikilisiyoyinmu. Takardun CMS suna Jami'ar Birmingham, na SUM reshen Birtaniya suna Jami'ar Edinburgh, na SIM kuma a Amurka. Wasu daga cikinsu an ɗauki hotonsu ana samu ta intanet, kuma masu kula da su sukan amsa wasiƙa in mai tambaya ya faɗi tasha da shekara da suna. A kowane wuri, abin da aka samu a rubuta sunan jarida da kwanan wata da lambar shafi tun kafin a tashi daga kujera. In an yarda da ɗaukar hoto a ɗauki shafin gaba ɗaya har da kansa. Guntun hoto marar kwanan wata da ke yawo a WhatsApp ba hujja ba ne.

Yanzu ga batun Barzillai. Kakanmu ɗaya yana iya zama da suna huɗu. Akwai na yare da aka raɗa masa, akwai na Hausa da ya samu a bariki ko a filin kuza ko a soja, akwai na baftisma irin su Bulus ko Istifanus ko Yohanna, sa'an nan akwai yadda Bature ya rubuta kowannensu. Pasto David Lot da muka ambata sunansa na gida Vrengkat. Kabilar ma sunanta ya canja a takarda. Mai neman Ngas ya nemi Angas, Mwaghavul ya nemi Sura, Tarok ya nemi Yergam, Bajju ya nemi Kaje, Ham ya nemi Jaba, Atyap ya nemi Katab, Goemai ya nemi Ankwe, Tiv ya nemi Munshi. Wasu sunayen nan masu su ba sa son jin su, da dalili kuwa, amma su ne mabuɗin tsoffin shafuffuka. Iyakokin larduna su ma sun motsa. Lardin Filato sai a 1926 aka kafa shi, don haka garin da muka sani a Filato yana iya fitowa ƙarƙashin Bauchi ko Muri ko Nasarawa kafin wannan shekara. Rubutun Hausar ma dabam ne, tsoffin takardun mishan "chikin" suke rubutawa inda muke rubuta "cikin". Wanda yake bincike da kwamfuta ya gwada kowane rubutu da zai yiwu.

Tarihin Wusasa ya nuna yadda gida ɗaya yake warwatsuwa a takarda. Dokta Walter Miller ya zo da ayarin Bishop Tugwell har Kano a 1900, Sarki Aliyu ya sallame su, suka zauna a Girku. A 1905 Miller ya shiga birnin Zazzau. Bayan wasu shekaru zuriyar Isawa, almajiran nan da suka girmama Annabi Isa tun kafin zuwan Turawa, suka haɗu da mishan, aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, ciwon barci ya yi masa mummunar ɓarna. Sai wajen 1929 aka koma Wusasa. Daga wannan jama'a ne aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Ɗan Wusasa da ya nemi kalmar Wusasa kaɗai ya yanke wa kansa shekara talatin na tarihin gidansu. Dole ya nemi Girku da Zariya da Gimi. Ikilisiyoyi da yawa a kan duwatsun Filato da Adamawa haka suke, an sauko daga dutse zuwa fili, an bar tsohon suna a sama.

In jarida da tsohuwa suka saɓa fa? Ba kullum takarda ce mai gaskiya ba. Dokar shaidu biyu ko uku ta Maimaitawar Shari'a 19:15 tana da amfani a nan. A kan kwanan wata mukan fi jingina ga takardar da aka rubuta kusa da lokacin. A kan wane ne ɗan wane, da wanda ya fara karɓar baƙo a gidansa, tsohuwa ta fi Baturen da ya kwana biyu ya wuce. Inda ba a iya daidaitawa, a rubuta duka biyun, a ce ga abin da takarda ta ce, ga abin da dattawa suka ce. A tarihin marigayi ma kalmar "wajen" ba abin kunya ba ce. Wajen 1930 ya fi 1 ga Janairu 1930 gaskiya.

Abin da za a tarar ba a nema ba

Nan ne aikin ya daina zama na mai bincike kawai ya zama na makiyayi. A 1909 SUM ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumaisha domin tunawa da Lucy, matar Kumm, ta karɓi yaran da gwamnati take riƙo a Zungeru. Daga cikin yaran nan aka sami masu bishara da malamai da iyayen gidajen masu bi. A ƙarshen shekarun 1930 SIM ta karɓi asibitocin kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, kuma da yawa cikin Hausawan da suka fara ba da gaskiya a waɗannan larduna daga nan suka fito. Mujallun mishan sun ba da labarin waɗannan wurare da murna, har da hotuna. Amma a wurinmu, har cikin ikilisiya, kalmar bawa da kalmar kuturu suna iya fasa baiko. Ana kuma iya tarar da cewa dattijon da sunansa yake jikin allon majami'a an taɓa sa shi ƙarƙashin horo, ko ya ƙara mata ta biyu ya bar aiki, ko kuwa wani gida ne dabam, wanda yau ba shi da kowa a majalisar dattawa, ya fara karɓar bishara.

Me fasto zai yi da irin wannan? Ba zai ƙona shafin ba, ba kuwa zai hau bagadi da shi ba. Matiyu bai share Tamar da Rahab da Rut da matar Uriya daga asalin Ubangijinmu ba, don haka ba mu da izinin gyara asalin kowa don ya yi kyau. Amma labarin gida na masu gida ne. A kai shi ga manyan iyalin tukuna, a zaune, su ji daga bakin makiyayinsu kafin su ji a bakin duniya, su kuma faɗi abin da suka yarda a buga. Gargaɗin Bulus a nan ya shafe mu. Mun ga ikilisiyoyin da bikin cika shekara ya zama musu fagen faɗa a kan gidan da ya kawo bishara, mun ga an ɗauki tarihin mishan an shiga da shi rigimar fili da ta sarauta da ta wane ne ɗan ƙasa. In wani ya zo neman taimakon fasto don ya tono asalin abokin gabarsa, fasto yana da 'yancin ce masa a'a.

Akwai kuma waɗanda ba za a same su ba ko an juye kowane shafi, yawancinsu mata. Matar mai bishara da ta bi shi zuwa ƙauyen da ba ta jin yarensu, ta binne 'ya'ya a can, ta koya wa mata karatu a bayan ɗaki, jarida takan ce "da matarsa" ta wuce. Sunanta yana wurare uku: a bakin tsofaffin Zumuntar Mata, a sunayen jikokin da aka raɗa wa sunanta, da bangon ciki na Littafi Mai Tsarki na Hausa bugun 1932, inda masu bi na farko suka saba rubuta ranar aurensu da haihuwar 'ya'yansu. In an sami irin wannan Littafi a gida, a ɗauki hoton shafin, a ba magatakardan ikilisiya kwafi ɗaya, a aika ɗaya laburaren kwaleji, a mayar wa masu shi da abinsu.